Idan Yaro Ya Zana Bindiga

A kusan duk darussan da ake koyarwa a firamare da ƙaramar sakandare, malami yakan san amsa tun kafin ya yi tambaya. In ya ce 7 sau 8, to 56 na cikin aljihunsa. In ya tambayi shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, 1996 yake jira, duk wanda ya ambaci wata shekarar ya faɗi. Darasi ɗaya ne ya fita zakka. Ranar da malami ya raba wa yara farar takarda da fensir, ya ce kowa ya zana abin da ya ga dama, ya yi tambayar da shi kansa bai san amsarta ba, kuma kafin a kaɗa ƙararrawa zai karɓi amsoshi 60 ko 70 waɗanda babu biyu da suka zo ɗaya. Darajar darasin zane ke nan, kuma ita ce ke sa a ji tsoronsa.

A rubuce, darasin yana nan daram. Manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara, wadda Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya ta tsara aka fara aiki da ita a 2008, ta haɗa zane da aikin hannu da kiɗa da wasan kwaikwayo a darasi guda na al'adu da fasahar ƙirƙira, tun daga firamare har aji uku na ƙaramar sakandare. Amma wanda ya san azuzuwanmu ya san yadda ake yi da shi. Malami ya cika allo da bayani: ma'anar fasaha, rabe-raben fasaha, launukan asali guda uku. Yara su kwafe, su haddace, su juye a jarrabawa. Akwai yaron da zai gaya maka in an gauraya shuɗi da rawaya kore ake samu, alhali bai taɓa gaurayawa ya gani da idonsa ba. In ma an yi zanen, malam ne zai zana kofi ko mangwaro a allo, a ce kowa ya kwaikwaya, wanda nasa ya fi kama da na malam ya cinye maki. Ta haka aka mayar da darasin da ba shi da amsa ya koma mai amsa ɗaya tilo, hankalin kowa ya kwanta.

Akan ɗora laifin a kan rashin kayan aiki da ƙarancin ƙwararrun malamai, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai a Gusau da Tsafe da Bunguɗu akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba. Yaron da ke aji huɗu a yau bai san Zamfarar da ake tasowa daga Funtuwa da dare a iso Gusau ba fargaba ba. A cikin rikicin 'yan bindiga aka haife shi. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe. Ranar 1 ga Satumbar wannan shekara aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙaramar hukumar Maradun, gwamnati ta rufe makarantu, aka dakatar da kasuwannin mako, aka katse layukan waya. A Afrilun 2022 aka sace ɗalibai mata na kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe, a Satumbar 2023 kuma aka shiga Sabon Gida ta ƙasar Bunguɗu aka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Waɗanda ba su shiga ba sun fi yawa, kuma shaidunsu na zaune a kan benci a azuzuwan cikin gari, inda iyayensu suka gudo da su.

Ba irin wannan aji farar takarda. Wani zai zana masallaci, wata ta zana fure, wani tirela. Amma da wuya a tattara takardun ba a sami guda, ko biyar, mai ɗauke da babur da mutum uku a kansa, kowanne da rawani da bindiga a kafaɗa ba; ko rumbu yana ci da wuta; ko mutane a jere an zarge su da igiya ɗaya. Me ya wajaba a kan malami ya yi da wannan takarda? Tambayar ta wuce dabarun koyarwa. Magana ce ta hakki: hakkin yaron da ya zana, da hakkin sauran yaran da za su gani, da hakkin gidan da yaron zai koma da yamma.

Abin da ya fi saurin zuwa hannu shi ne a yage ta. Malam ya ɗaure fuska ya ce, "Kai, wane irin shashanci ne wannan? Karɓi wata takardar ka zana abin kirki." Bai kamata a yi gaggawar kushe wannan malami ba, domin yana da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. An rene shi a al'adar da ke girmama kawaici da dangana, inda ake ganin yawan tuna masifa fama miki ne. Yana tsoron sauran yara su gani su kwaikwaya. Mai yiwuwa shi ma ta hanyar nan yake bi kullum safiya gabansa na faɗuwa, ko kuwa ya taɓa sayar da gona ya fanso ƙaninsa, ba ya son a tuna masa. Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce, a duk faɗin rayuwar yaron nan aji ne kaɗai wurin da daji bai shigo ba. Me zai sa a buɗe masa ƙofa?

Ai kuwa daji ya riga ya shigo. A cikin kan yaron bindigar ta zo makaranta, da ita ya tsaya a taron safe, da ita ya zauna darasin lissafi yana kallon allo ba ya gani. Wanda ya yage takardar daga idonsa kawai ya kawar da ita. Ga kuma darasin da yaron zai ɗauka, wanda zai fi duk abin da aka rubuta a allo zama a zuciyarsa: an ce ya zana abin da ke ransa, ya yi gaskiya, aka tsawata masa, na kusa da shi ya zana mangwaron da bai dame shi ba, aka yaba masa. Makarantar da ke koyar da gaskiya a darasin addini da safe, ta hukunta ta a darasin zane da rana, kada ta yi mamaki in ta yaye mutanen da suka ƙware wajen gaya wa na gaba abin da yake son ji. Batun kawaici kuwa, a nan ake cakuɗa abu biyu. Kawaici halin wanda yake da bakin magana ne, ya ga dama ya yi shiru don girma. Shirun da aka ƙaƙaba wa ɗan shekara tara bai cancanci wannan suna ba.

Malami na biyu ya fi na farko buɗewar ido, kuma a ganina ya fi shi haɗari. Shi da ya ga zanen sai tausayi ya kama shi, ya ce lalle duniya ta gani. Ya ciro waya ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, ko ya manna takardar a bango don ranar da baƙi daga wata ƙungiyar agaji za su zo. Shi ma yana da madogara. A 2005 wasu ma'aikatan ƙungiyar Human Rights Watch da ke jin ta bakin 'yan gudun hijirar Darfur a sansanonin gabashin Cadi sun ba yara takardu da fensirori masu launi don su shagala yayin da ake hira da iyayensu. Ba wanda ya ce musu ga abin da za su zana, amma sai ga mahaya dawaki da raƙuma, ga jirage na sakin bama-bamai, ga ƙauyuka na ci da wuta. A 2007 wata ƙungiyar Birtaniya mai suna Waging Peace ta tara irin waɗannan zane-zane kimanin 500, Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Heg ta karɓe su a matsayin shaidar da ke haska yanayin da aka aikata laifukan. Ashe zanen yaro na iya tabbatar da abin da gwamnati ta musanta.

To amma yaran Darfur sun riga sun ƙetare iyaka. Namu kuwa da an tashi makaranta, ta hanyar jiya za su koma gida. A ƙauyukan da ke bakin daji, zargin cewa mutum yana kai rahoto, ko ga jami'an tsaro ko ga 'yan bindiga, ya isa ya ci ransa. Idon yaro ya fi yadda muke zato kaifi, kuma bai san abin da manya ke sakayawa ba: zai sa tsamiyar da suke yada zango a gindinta, zai sa shagon da suke sayen mai da burodi, wani lokaci har tabon da ke fuskar mutum. A ƙasa ga sunansa, ga ajinsa, ga sunan makaranta. Malamin da ya watsa wannan ya sayi yabon abokansa na intanet da wuyan mutanen wani gida. Ko babu wannan haɗari, akwai wata ɓarnar mai tafiya a hankali. Yara sun fi kowa saurin gane abin da ke burge manya. In zanen bindiga ne ya hau bango, baƙi suka tsaya a gabansa suna girgiza kai, mako mai zuwa bindiga 20 za a karɓa, har daga waɗanda ba su taɓa ganin ta ba. An koya musu ke nan cewa masifarsu haja ce. Mai yagewa ya ce wa yaro kada ka faɗa; mai mannawa ya ce faɗa mana, amma wannan kaɗai muke son ji daga bakinka.

Akwai kuma wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato yaron da ke benci na uku. Azuzuwan Bunguɗu da Tsafe ba na ƙabila ɗaya ba ne. 'Ya'yan Hausawa da na Fulani kafaɗa da kafaɗa suke zama, kamar yadda kakanninsu suka ci kasuwa ɗaya, ana ba da nono ana karɓar hatsi. In mai zanen ya sa wa 'yan bindigarsa malafa da sanda da shanu a baya, muddin takardar na hannunsa labarin abin da ya gani ce. Da ta hau bango da yardar malam, ta zama hukunci a kan wancan yaro, wanda wataƙila garken gidansu ɓarayin suka fara korawa, ko kuwa mahaifinsa ya tafi cin kasuwa 'yan sa-kai suka tare shi bai dawo ba. Da shi ma zai sami ƙarfin halin zana nasa, wasu mutanen za a gani, da adduna da bindigogin toka, kuma shi ma bai yi ƙarya ba. Malam zai manna wannan ma? In ya manna ɗaya ya bar ɗaya, makaranta ta ɗauki ɓangare. In ya manna duka biyun, ya kwaso yaƙin manya ya rataya a bangon yara. Kasancewar zane gaskiya bai ba kowa izinin baje shi a faifai ba.

Daga nan ake gane kuskuren wanda zai mayar da abin aikin aji, ya ce, "Yau kowa ya zana ranar da aka kai wa garinsu hari." Malamin firamare ba likitan ƙwaƙwalwa ba ne, kuma yara 70 gare shi da minti 40. Wanda ba shi da zare da allura bai kamata ya farke ɗinki ba. Abin da yaro ya kawo da kansa daban, abin da aka tono daga cikinsa da umarni daban.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada shi da wata takardar. Ita babu tsoro a cikinta. An zana bindigar a natse, kowane ƙarfe a mazauninsa, har kunama da gidan harsashi. Mai riƙe da ita ya cika takardar, da baƙin tabarau da damin kuɗi, a ƙasa an rubuta sunan wani ƙasurgumin ɗan bindiga da haruffa masu ado. Wannan yaro kirari yake yi. Shin shi ma a karɓa a yi shiru, da sunan 'yancin mai fasaha? Ban yarda ba. Malami mai tarbiyya ne kafin ya zama mai koyar da launi, kuma wanda ya ga yaro na sha'awar masu kisa ya ce ba ruwansa, ya ci amanar iyayen da suka damƙa masa shi. Amma duka da kora ma ba za su fisshe shi ba. A cikin tarin takardun nan wannan ce ta fi kowace muhimmanci, domin mai yiwuwa ita ce gargaɗi na farko kuma na ƙarshe da wani babba zai samu kafin daji ya kira yaron. Sanin kowa ne da yawa daga masu rataye da bindiga a dazukan nan samari ne ƙanana. Hausa ta yi amfani da kalma ɗaya ga aikin fensir da aikin bulala. In aka zane yaron, zai daina zane, sha'awar kuwa ta koma inda ba mai ganin ta.

Sai a tambaya, me yake sha'awa a jikin mutumin? Da wuya a ce jini ne. Yaron ya ga mahaifinsa, wanda yake ɗauka babu kamarsa a duniya, ya durƙusa a gaban sa'an yayansa. Ya ga ana tara kuɗi gida-gida ana kai wa daji kafin a bari a yi girbi. A duniyar da ya sani mutane iri biyu ne, masu gudu da waɗanda ake gudu dominsu, shi kuwa ya zaɓi inda zai tsaya. Wannan magana ce da malam zai yi da shi su biyu, ba a gaban aji ba, ya faɗa masa ra'ayinsa ba kwana-kwana, ya kuma nemi iyayensa. Sannan ya dubi alherin da zanen ya tona: yaron da ya iya fito da sassan bindiga da ka, bai bar ko ƙusa ba, yana da idon maƙeri, idon bakanike. A aza masa injin ban-ruwa a gaba, ko keken ɗinki, ko injin niƙa, a ce ya zana shi yadda wanda bai taɓa ganin sa ba zai gane yadda yake aiki. A sa shi ya koya wa na ƙasa da shi. Ba na da'awar fensir zai rinjayi yunwa da ramuwar gayya. Sau da yawa ba zai iya ba. Amma yaro na bukatar ya ɗanɗana, ko sau ɗaya, yadda ake girmama mutum saboda abin da hannunsa ya gina, kuma in makaranta ba ta ba shi wannan ba, akwai masu jiran su ba shi wani irin girman.

Tarihi ya ajiye mana labarin wata malama da ta gamu da wannan tambaya a wuri mafi muni. Friedl Dicker-Brandeis mai zane ce 'yar ƙasar Ostiriya, wadda ta yi karatu a makarantar fasaha ta Bauhaus a Jamus. A Disambar 1942 'yan Nazi suka kai ta sansanin Terezin, inda suke tara Yahudawa. A can ta riƙa haɗa yara tana koya musu zane a kan duk abin da ya samu, har da tsofaffin takardun ofis. Abin lura shi ne ba ta mayar da darasin wurin ba da rahoton azaba ba. Ta koya musu launi da tsari da yadda ake kallon abu a natse. Suka zana gidajen da aka raba su da su, da furanni, da teburin cin abinci. Wasu kuma suka zana layin karɓar abinci da gadajen sansani, ba ta hana su ba. Kafin a tafi da ita Auschwitz a Oktobar 1944, inda aka kashe ta, ta cusa zane-zanen a akwatuna biyu ta ɓoye. Fiye da 4,000 sun tsira, suna gidan tarihin Yahudawa na birnin Firag. Mafi yawan yaran ba su tsira ba. Hanyarta nake ganin ta dace da mu: malam ya karɓi takardar da hannu biyu, ya ce a hankali, "Ba ni labarin wannan," in yaron ya yi shiru ya ƙyale shi, sannan ya ci gaba da koyarwa. Yaron da aka horar da hannunsa yana da abubuwa dubu da zai iya faɗa a takarda, wanda ba a horar ba kuwa abin da ya fi tsorata shi kaɗai zai yi ta maimaitawa.

Wani uba zai ce duk wannan dogon zance ne, zanen mai rai ai haramun ne. A jihar da ta riga kowace ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Oktobar 1999, ba a amsa wannan da ko-in-kula. Hadisan da suka yi kashedi ga masu surantawa ingantattu ne, akwai kuma malaman da suka ɗauke su a kan kowane zanen mai rai. Sanannen ra'ayin Malikiyya, mazhabar da karatun ƙasar nan ya ginu a kai, ya taƙaita haramcin ga mutum-mutumi mai inuwa, mai cikakkun gaɓoɓi, ya bar zanen da ke shimfiɗe a takarda a matakin karhanci ko ƙasa da haka, ya kuma keɓe 'yar tsanar yara mata saboda abin da aka ruwaito na wasan Nana A'isha. Warware wannan saɓani aikin malamai ne, ba na mai maƙala ba. Abin da ya shafe mu shi ne, ko a ra'ayi mafi tsanani fili a buɗe yake: an ruwaito Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga itatuwa da abin da ba shi da rai. Saboda haka bai dace malami ya tilasta wa yaro zana mutum ko dabba ba in gidansu ba su yarda ba, bai kuma dace a fake da wannan a kashe darasin ɗungurungum ba. Al'ummar da ta ƙawata allon sauka da zayyana, ta yi wa babbar riga aska takwas, ta zana dagi a goshin zaure, ba za ta ce ba ta san fasahar da ta jitu da addininta ba. 'Yandoto da ke ƙasar Tsafe ta daɗe tana tara ma'abota alƙalami da tawada tun kafin jihadi.

Uzurin rashin kayan aiki shi ma bai kai yadda ake kambama shi ba, sai in an ɗauka fasaha ita ce fentin kanti da takarda mai kauri. Gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi a ƙarshen 2023, kuma ba mai musun cewa rufi da benci su ne a gaba. Amma darasin zane bai taɓa cin kuɗin kwano ba. Yaran karkara ma ba su jira manhaja ba. Da kaka ta yi za ka gan su da sillen kara da totuwa suna ƙera mota da tabarau da jirgin sama. Da damina su gina tukwane da laka. 'Yan mata su yi wa 'yar tsana kitso, su zana lalle da ƙwarewar da babu makarantar da ta koya musu. Gulbin Sakkwato da ya bi ta Gusau ya wuce Bunguɗu bai hana kowa yumɓu ba. Gawayi da ƙaro su ba da baƙi, kamar yadda kowane almajiri ya sani. Karan dafi ya ba da ja, gangamau ya ba da rawaya, baba ya ba da shuɗi. Ga farar ƙasa da jar ƙasa, ga kwalin da masu shago ke zubarwa. Sai dai a kiyayi ƙasar wuraren da ake haƙa ko niƙa dutsen zinare, domin gubar dalmar da ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 ta cikin ƙura da ƙasa ta shiga jikinsu. Abin takaici, makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen da masu sana'ar gargajiya ke koyar da dukanci da ƙira da makamantansu. Bayan shekara fiye da 100, a ƙasa mai 'yancin kai, ga masassaƙi da mai zanen ƙwarya da maginiyar tukwane a bayan katangar makaranta, ba wanda ya ce su shigo. Muna yawo da hoton Ladi Kwali a takardar naira 20, muna kuma dukan yaron da ya zo aji da laka a riga.

Da irin waɗannan kaya ake iya aikin da, a ganina, ya fi kowane dacewa da ajin da ke cike da 'yan gudun hijira: a raba yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ya gina gari a kan faffaɗan kwali. Yarinyar da aka koro daga ƙauyensu ita za ta ce ga inda rijiya take, ga masallacin Juma'a, ga kukar da ake cin kasuwa a gindinta. Ɗan birnin da ke yi mata kallon baƙuwa ya zama mai kwaɓa mata laka. Ɗan Fulani ya kafa ruga a gefe, ya ja burtali inda yake a da, domin shi ya san shi. Wanda ya fito daga Kwatarkwashi ba zai yarda a gama ba a ɗora dutse ba. Aikin makonni ne, yana bukatar awo da lissafi da gardama da sulhu. Ba a tilasta wa kowa ya manta ba, ba a kuma tilasta wa kowa ya tuna hari ba. An dai ba yaro dama ya nuna cewa garinsu yana da kama da tarihi tun kafin ranar da aka ƙone shi. In wani ya ɗauko gawayi ya baƙanta rumbu guda, a bar masa.

Saura batun maki, wanda ba malamin da zai tsallake, tunda rajista na jira. Ba a auna baƙin ciki da maki. Abin da za a duba shi ne abin da aka koyar: ya yi amfani da faɗin takardar ko ya maƙale a lungu, ya bambanta girman abin da ke kusa da na nesa, ya gama abin da ya fara. Da wannan ma'auni zanen babur na iya cin takwas, zanen fure ya ci biyar, ko a sami akasin haka, ba tare da an saka wa kowa ko an tauye shi saboda abin da ya same shi ba. Jan biro kuma ya tsaya a rajista, kada ya hau kan zanen.

Sai inda takardar za ta kwana. Ta yaron ce, shi zai ce a ba shi ko a ajiye masa. In akwai abin da zai iya jawo wa gidansu fitina, malam ya bayyana masa dalilin da ya sa ba za ta bi shi a jaka ba, ya kuma sanar da mahaifinsa ko mahaifiyarsa baki da baki. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ofishin shugaban makaranta ya wadatar, a damƙa wa kowa nasa ranar da zai bar makarantar. Malamar Terezin takan sa yara su rubuta sunayensu a jikin zanensu, shi ya sa har yau ake kiran sunayen yaran da ba a san kabarinsu ba. A Tsafe ko Bunguɗu sunan da ke jikin irin wannan takarda na iya cutar da mai shi. A nan sai dai a sa lamba a bayan takardar, sunan ya zauna a wani littafi dabam wanda malam kaɗai ya san inda yake, har zuwa shekarar da za a iya haɗa su.